Muryar Wule a Ɗakin Baffa Idirisu

Shekara uku ke nan Baffa Idirisu bai taka ƙasa ba, ƙasar gaske mai turɓaya. Ɗakin da yake kwance a gidan ɗansa Nasrullahi, a unguwar Takur cikin Dutse, tayil aka shimfiɗa masa, santsi kamar bayan faranti. Taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Daga gadon zuwa ƙofa taku huɗu ne, amma rabon da ya yi takun nan shi kaɗai har an manta. Sandarsa ta kiwo da malfarsa suna jingine a bakin ƙofa tun ranar da aka kawo shi, ya hana a ɗauke, domin cewa aka yi sati biyu zai yi ya koma.

An haife shi a wata ruga gabas da Aujara. Lokacin da aka zo ɗaukar yara makaranta, mahaifinsa ya miƙa ƙanensa, shi kuwa ya riƙe shi, saboda shi shanu suke bi. Bai taɓa cewa an cuce shi ba. Sai dai da ya haifi nasa, kaf ɗinsu ya tura su boko, maza da mata. Abin da ya kai Nasrullahi aikin gwamnati a Dutse ke nan, shi ne kuma ya sa babu ɗaya a cikinsu da ya iya tatsa.

Abin da aka san Baffa da shi kunne ne. Yakan ce saniya murya biyu gare ta: akwai ta sama wadda kowa yake ji, akwai ta ƙasa wadda da ƙirji ake jin ta, kuma a ta ƙasan sunan saniya yake. In yana so ya san lafiyar dabba, tafin hannu yake ɗora mata a wuya ya jira ta yi kuka. Har yau dangi suna ba da labarin wata karsana da ta ɓace wa maƙwabcinsa, aka bi sawu har kasuwar Ringim. Baffa bai ma shiga kara, inda ake sayar da shanun, ba. Ya tsaya daga waje ya ba shanun baya, ya yi shiru kamar mai tuna wani abu, can ya nuna kusurwar arewa da sandarsa. Aka je, aka same ta.

A cikin garkensa akwai wata saniya mai farin goshi, Wule. Ita ce ke gaba in an fita, ita ce kuma ke amsawa in ya yi kira.

Idonsa ne ya fara dushewa, bai gaya wa kowa ba, don kunnen ya ishe shi kiwo. Wata safiya kuma aka tsince shi a bakin mashaya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, bakinsa ya karkace. Garken ya koma hannun Sale, ɗan wansa. Shi kuma aka kawo shi Takur, jinyarsa ta faɗa kan autarsa Huseina, tun da mahaifiyarsu ta riga ta rasu. Ita ke juya shi, ita ke ba shi fura a cokali, ita ke fassara maganarsa in baƙi sun kasa ganewa. In ba asibiti ko karɓo magani ba, ita ma ba ta cika ganin titi ba.

Akwai abin da kowa a gidan ya sani ban da shi. Garken babu shi. Daminar da ruwa ya yi ambaliya, fadamar da suke kiwo ta daɗe a ƙarƙashin ruwa, burtali kuma gonaki sun riga sun cinye shi. Ciwon hanta ya shiga shanun, Wule tana cikin na farko da suka faɗi. Nasrullahi da Sale suka yi shawara aka rabu da sauran kafin su ƙare. Likita ya riga ya ce jinin Baffa ba ya son tashin hankali, saboda haka aka rufe maganar. Duk safiyar Juma'a Sale yakan je garken maƙwabcinsu Arɗo Musaddiq lokacin tatsa, ya ɗauki kukan shanun a waya, ya ƙara da cewa ga Wule tana gaishe da Baffa, ya turo wa Huseina. Ita kuma ta kara masa a kunne.

Abin ya yi ta tafiya ne saboda wayar ba ta da kirki. Duk kukan da ya shiga cikinta siriri yake fitowa. Baffa yakan yamutsa fuska ya ce wannan ai sauro ne aka rufe a gwangwani, ko akuya ba ta kuka haka. Duk da haka sai ya sa a maimaita masa sau uku, sannan ya tambaya ko likita ya faɗi ranar komawa. Huseina ta ce sai ƙafar ta ƙara ƙarfi. Wannan amsar ta ba da ita fiye da sau ɗari.

Wata Asabar da rana aka yi suna a gidan da ke bayan katanga. Aka kunna kiɗa, dukan gangar ya ratso bango har ƙarfen gadon Baffa ya ɗauki rawa. Huseina ta tashi za ta rufe taga, ya hana ta. Ya ɗora hannunsa mai lafiya a jikin bangon, ya daɗe a haka, sannan ya tambaye ta wace irin ganga ce wannan. Ta ce ba ganga ba ce, akwati ne da ake haɗawa da lasifika, wufa ake ce masa, aikinsa fito da kaurin sauti.

"In zai ratso da ganga ta bango, zai fito da saniya," in ji Baffa. "A samo mini."

A kan ɗan teburin da ke gefen gadonsa akwai tsohuwar kwamfutar Nasrullahi, wadda ake kunna masa karatun Alƙur'ani da tafsiri. Ya ce a haɗa da ita. Tun zuwansa gidan bai taɓa roƙon komai ba, ko goro. Nasrullahi bai iya cewa a'a ba.

Ranar Litinin da safe, Nasrullahi ya tsayar da Huseina a bakin mota kafin ya tafi ofis. Ya rage murya duk da cewa ɗakin Baffa yana can ƙurya. Ya ce ta sayo ƙananan lasifika guda biyu kawai, kada ta ɗauko mai akwatin nan, in ya tambaya ta ce haka ake sayar da su yanzu. Ta ce Yaya, ai akwatin ya nema. Ya dube ta da idon wanda bai yi barci sosai ba.

"Huseina, kin san kunnen Baba. Kada ki zo mana da abin da ya fi ƙarfinmu."

Ta bar matar yayan nata a wurin Baffa, ta hau adaidaita zuwa cikin gari. A hanya duwatsun Dutse suna wucewa ta gefe, manya jibge a kan manya, ta tuna Baffa bai taɓa ganinsu ba, a kwance aka shigo da shi garin.

Mai shagon kayan lantarkin sunansa Muntaka, mutum mai faɗin baki da ƙaramar hula. Da ta gaya masa abin da take nema, da cewa teburin ƙarami ne ba ya ɗaukar manyan kaya, sai ya jero mata kala uku a kan kanta. Ya jona na farko, ƙanana biyu marasa akwati, ya danna waƙa. Ta ce ya kashe, ba da waƙa za a gwada ba. Ta miƙa masa wayarta ya jona, ta nemo wani tsohon saƙo na kukan Wule da ta ɗauka da kanta a ruga, wata Sallah kafin Baffa ya kwanta. Ta danna.

Saniya ta yi kuka a tsakiyar shagon. Wasu mutum biyu da ke duba fanka suka juyo. Muntaka ya riƙe baki.

"Hajiya, tun da na buɗe shagon nan amare ke zuwa gwada kiɗan biki. Yau kuma Allah ya kawo mini mai neman jin muryar nagge. Ko ita ce amaryar?"

Huseina ta ce ita ce, kuma danginta ba sa son a rage mata murya. Aka yi dariya. Daga nan Muntaka ya ɗauki abin da gaske, don mutum ne mai son a yaba masa sanin sana'arsa. Ya ce waɗannan ƙananan su kaɗai saman murya suke ɗauka, kamar wayar ce aka ƙara wa ƙarfi. Gaskiyarsa kuwa, sauron nan na Baffa ne ya fito, sai dai ya yi girma. Waɗannan ne Nasrullahi yake nufi.

Na biyu yana da akwati, da fitilu masu canza launi, shuɗi, ja, kore. Ya ce shi samari suke rububi. Da kukan ya sauka ƙasa sai robar akwatin ta ɗauki kakkarwa, zzz, kamar an saka ƙudan zuma a kwalba. Muntaka ya ce ta ɗaga shi ta ji. Ta ɗaga da hannu ɗaya, ba nauyi. Ya ce to shi ke nan, akwatin da ba shi da nauyi ba ya riƙe kauri, ƙara kawai yake yi.

Na ukun ba shi da ado. Lasifika biyu ne kowace ba ta fi kofin shayi ba, sai baƙin akwati na katako mai rami a gaba, wanda sai da ta sa hannu biyu ta ɗaga shi. Muntaka ya sauke shi ƙasa, ya ce wurinsa ke nan, ba kan tebur ba. Maimakon ya ƙure ƙarar sai ya rage ta. Ya ce kowane tarkace yana iya cika kunne in an ƙure shi, mai kyau shi ne wanda ko an yi ƙasa da shi kaurinsa ba ya gudu. Ya ce ta danna.

Wannan karon ta maido saƙon tun daga farkonsa, ta manta ba Wule kaɗai ke ciki ba. Muryar Baffa ce ta fara fitowa yana kira, cikakkiya, mai kauri, kafin ciwo ya karkata masa baki. A waya ba ta taɓa jin ta haka ba. Sannan Wule ta amsa. Kukan ya taso, ya sauka, a ƙarshensa ya yi wani gurnani mai ja kamar ana jan turmi a kan daɓe. Huseina ta ji shi a tafin ƙafarta, ta ji shi a ƙirji. Ta ji warin hayaƙin da ake turara wa shanu da yamma, alhali ba hayaƙi a shagon. Ta juya fuska wajen titi, ta gyara mayafi.

Da ta natsu sai ta danna saƙon Juma'ar da ta wuce. Shanu ne masu lafiya, suna kuka da ƙarfinsu. Babu mai jan turmin nan a cikinsu. Ita da ba ta taɓa kwana uku a jere a ruga ba tun tana firamare, ta ji bambancin.

Ta daɗe a tsaye tsakanin na farko da na uku. Muntaka ya ɗauka tsada ce ta tsayar da ita, ya fara rantsuwa, ta ce ba shi ba ne. Ta tambaye shi ko akwai yadda za a yi akwatin ya yi shiru ba tare da an cire shi ba. Ya juya shi ya nuna mata wani ɗan abin murɗawa a baya. Ya ce in ta murɗa shi hagu har ƙarshe, kamar babu akwatin ne. Ya murɗa, shanun suka koma sauro.

Wannan ɗan abin murɗawar ta riƙe a ranta har gida. Za ta buɗe wa Baffa tsohon saƙon da kaurinsa, ya ji Wule, ya ji kansa. In aka zo kan na Juma'a sai ta kai hannu baya ta murɗa, ta ce wayar Sale ce ba ta ɗauka da kyau. A adaidaita dabarar ta yi mata kyau sosai.

Bayan la'asar ta jona komai. Lasifikan biyu suka zauna a gefen kwamfutar kamar don wurin aka yi su. Za ta tura akwatin ƙarƙashin tebur, Baffa ya ce a'a, ta kawo shi nan jikin gado, ɓangaren dama. Ya sauke hannunsa ya lalube shi, ya shafa katakon, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa kamar mai duba ƙwarya, sannan ya shimfiɗa tafinsa a kai.

Ta danna tsohon saƙon.

Bai motsa ba da ya ji muryarsa. Da Wule ta amsa kuwa, yatsunsa suka danne katakon, ya yi ƙoƙarin maimaita kiran, rabin bakin ya ƙi. Ya sa ta maimaita, ta maimaita. Sau biyar. Rabon da ta ga fuskarsa haka tun a ruga. Ta ce a ranta ko nan aka tsaya, ta yi daidai.

"Sa mini na Juma'a," in ji shi.

Ta durƙusa kamar mai gyara igiyar wuta, ta zura hannu bayan akwatin. Yatsunta sun taɓa abin murɗawar ke nan, gefen hannunta ya gogi nasa.

"Bar shi yadda yake, Husai."

Ta janye hannun. Ta danna.

Muryar Sale ta fito da gaisuwa, shanu suna kuka a bayansa, ana jin ƙarar nono yana zuba a ƙwarya. Sale ya ce ga Wule tana gaishe da Baffa. Wata saniya ta yi kuka. Saƙon ya ƙare. A waje wani mai sayar da ruwa yana buga jarka. Huseina ta kafa ido a kan tayil, tana jiran abin da likita ya yi gargaɗi a kai.

Baffa ya ce jar saniyar nan ta Arɗo Musaddiq ta tsufa, da muryarta ta fi haka ƙarfi. Ya ce akwai wani maraƙi a can baya da ke tari, ta gaya wa Sale ya faɗa wa Arɗo a ware shi kafin ya shafa wa sauran. Ya faɗi haka ne a hankali, kamar mai ba da saƙon cefane. Sannan ya tambaye ta, hannunsa yana nan a kan akwatin.

"Tun yaushe?"

"Damina biyu, Baba."

"Duka?"

"Duka."

Ta miƙa hannu ga kofin ruwa, ya girgiza kai.

"Wule fa, an samu yanka ta?"

Ta ce an samu, Sale ne da kansa ya yanka, an raba naman a ruga.

"To, alhamdu lillahi. Ba ta tafi mushe ba."

Ta fara ba shi haƙuri, tana cewa likita ne, tsoro ne ya sa, ya ɗaga yatsa ɗaya ta yi shiru. Ya ce tun bara zuciyarsa take raya masa, don Sale bai taɓa kawo masa ƙorafin ciyawa ko na manoma ba, kuma babu makiyayin da zai shekara bai yi ƙorafi ba. Amma wayar ba ta ba shi abin da zai kama ba, shi kuma bai so ya tambaya a yi masa rantsuwa a kan ƙarya. Ya ce kada ta gaya wa yayanta ya sani. Yaron nan shekara biyu yana ɗauke da abin nan saboda shi, in aka sauke masa yanzu kunya ce za ta hana shi shigowa ɗakin, shi kuma ba shi da masu shigowa da yawa. Sale ma ya ci gaba da turowa. Shanu shanu ne, ko na wani ne.

Sannan ya juya fuska wajen ƙofa, inda ba ya gani amma ya san abin da ke wurin. Ya ce ta ɗauke sandar nan da malfar ta ɗora a kan kwaba, suna tare wa mutane hanya.

Sandar ta yi santsi a inda hannunsa ya shekara hamsin yana riƙewa. Sai da ta taka kujera ta kai ta saman kwabar, ta ɗora malfar a kai. Inda suka daɗe a jingine ya bar ɗan tabo a fentin bango.

Gab da magariba Nasrullahi ya dawo. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, idonsa ya faɗa kan baƙin akwatin. Ya ɗago ya dubi Huseina. Ita kuwa ta sunkuya tana ninke zanen gado da ta riga ta ninke.

"Allah ya yi maka albarka, abin nan ya yi," in ji Baffa. "Na ji Wule. Ta yi ƙiba, da jin muryarta."

Nasrullahi ya saki numfashi, ya ce madalla, ya ce ai Sale yana ƙoƙari. Ya ɗan jima ana hira, ya tashi ya tafi masallaci. Bai lura da bakin ƙofa ba.

Haka ake har yanzu. Duk Juma'a saƙo yana zuwa daga Aujara, Huseina ta tura shi cikin kwamfuta, Baffa ya ɗora hannu a kan akwatin ya saurari garken Arɗo Musaddiq. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda ta haihu da wadda aka fitar. In ya ji abin da bai yi masa ba, Huseina ce ke kai wa Sale a matsayin shawararta, Sale yana ta mamakin yaushe 'yar boko ta san shanu haka. Ita kaɗai ke riƙe da sirrin ɓangare biyu, a gida ɗaya, tsakanin ɗaki da falo. Bai sake tambayar ranar komawa ba. In an gama na Juma'a sai ya ce ta sa masa na da, kuma kada ta ƙara ƙara, haka ma ya isa.